Kafin ka kashe kuɗinka kan tsofaffin fina-finan Sembène

Masu son aikin Ousmane Sembène na Senegal, musamman ɗaliban makarantar fim ta nan Jos da ke ta tambayar wanne za su saya, ku daina kallon kyan kwali, ku fara tambayar daga ina aka ɗauko hoton. Fim ɗin da aka koma kan asalin zirinsa aka wanke aka sake ɗauka a 4K daban yake da wanda kawai aka kwafo daga tsohon kaset aka ƙara masa haske aka rubuta HD.

Mafi arha dai shi ne ka je wajen 'yan turi a Taminus su zuba maka a filasha. Don ka san labarin ya isa, amma ka duba wajen da duhu yake a hoton, za ka ga fuskokin mutane sun haɗe da bango, ga fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoton tana tsere da maganar, kuma wallahi a fim ɗin da fuskar baƙar fata ce jigonsa wannan asara ce babba.

Idan da hali to faifan Blu-ray. Kamfanin Criterion na Amurka sun fitar da Black Girl na 1966 a 2017, Mandabi na 1968 a 2021, sai a 2024 suka haɗa Emitaï da Xala da Ceddo a kwali ɗaya, kuma a ganina wannan kwalin shi ya fi cancantar kuɗinka saboda a da samun ukun nan da hoto mai kyau sai an sha wuya. Amma fa faifan Criterion na Amurka a kulle yake a yankin A, wato na'urar wannan yankin kawai ke kunna shi, mu kuma Afirka muna yankin B tare da Turai, to idan na'urarka ba mai cin kowane faifai ba ce za ka biya kuɗin dala da na kawowa ta ƙi kunnawa. Mai na'urar yankin B ya nemi Black Girl na BFI, cibiyar fina-finai ta Ingila, na 2015, har da gajeren fim ɗinsa Borom Sarret a ciki.

Fim ɗinsa Camp de Thiaroye kuwa an gyara shi an nuna a bikin fina-finai na Cannes a 2024, don haka ni ban ga dalilin sayen tsohon DVD ɗinsa da tsada ba yanzu, gara ka ajiye kuɗin ka jira sabon kwafin.