Sauran kwana biyu a Dubai: wane yawo ne ya cancanci kuɗinka?

Ɗan kasuwar Maraɗi yakan gama sayayya a Dubai, ya miƙa kaya ga masu kargo, sai ya tarar akwai sauran kwana ɗaya ko biyu kafin jirginsa ya tashi. A lokacin ne masu tallan yawon buɗe ido ke tare shi a ƙofar otal ko a bakin kasuwar Naif, riƙe da takardu masu hoton raƙuma da dogayen gine-gine. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Dirhami 1 yana kai-komo tsakanin sefa 150 da 170, wato dirhami 100 ya kai jika 15 ko fiye, kuma in da Hajiya da yara aka zo, komai sai an ninka. Don haka shawararmu, Alhaji, ka sayi abin da babu shi a gida. Rairayi da raƙumi muna da su. Gini mai taɓa gajimare, ruwan teku da manyan duwatsu su ne ba mu da su a Maraɗi.

Mu fara da abin da aka fi tallatawa, wato fita hamada da yamma. Ana ɗaukar mutum wajen ƙarfe 3, a yi tafiyar kusan awa guda zuwa jan rairayin Lahbab. A bakin hamadar direba zai rage iskar tayoyi don kada motar ta nutse, sannan ya yi ta hawa da gangara a kan tuddai na ɗan lokaci, a ƙare a wani sansani inda ake cin gasasshen nama. Baturen da bai taɓa ganin tudun rairayi ba, wannan babban abu ne a wurinsa. Wanda ya san hanyar Dakwaro ko Agadas ba zai ga sabon abu ba. Ga kuma abin da mai talla ba ya faɗa: a yawancin sansanonin akwai rawar mata da dare, wasu ma ana sayar da giya, kuma ba ka da halin tashi ka tafi sai motar da ta kawo ka ta shirya. Tikiti mai arha sosai yakan nufin bas ce za ta kwashe ku, ba kat-kat ba, kuma babur mai ƙafa huɗu da sauran wasanni duk kuɗinsu daban. In yara sun matsa, a zaɓi fitar safe, wadda ba ta da rawa, a kuma sa a rubuta a rasit cewa kat-kat ce daga ƙofar otal. Kada a cika ciki kafin a shiga, kuma kujerar baya ta fi jijjiga. Mai juna biyu da mai ciwon baya su haƙura gaba ɗaya.

Kallon gari daga sama kuwa ya cancanci kuɗi, sai dai zaɓi biyu ne. Burj Khalifa, wanda aka buɗe a Janairun 2010, tsayinsa mita 828 ne. Tikitin da aka fi saye yana kai mutum hawa na 124 da na 125, mai tsadar kuma hawa na 148, a tsayin mita 555, kuɗinsa ya ninka na farkon har da ƙari. A ganinmu ƙarin bai biya ba, domin daga hawa na 124 ma motocin titin Sheikh Zayed kamar tururuwa suke. Lif ɗin yana kai mutum sama cikin kamar minti 1, kunne ya toshe, sai an haɗiye yawu. Abubuwa biyu ke ɓata wannan tafiya. Na farko hazo: ranar da ƙura ko tururin teku ya rufe gari kamar hunturunmu, ka biya kuɗi ne ka kalli farin bango, saboda haka ka duba sama da safe kafin ka saya. Na biyu lokaci. Tikitin yana da sa'arsa, ƙofar shiga tana can ƙasa cikin babbar kasuwar zamani ta Dubai Mall, kuma daga tashar metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa kasuwar akwai rufaffiyar gada mai tsawon mita 820 da za a taka, bayan ita ga faɗin kasuwar kanta. Ka ba kanka minti 45 bayan saukarka daga metro. Sa'o'in faɗuwar rana sun fi tsada, sun fi cunkoso; hantsi ya fi sauƙi ta kowace fuska.

Ɗaya zaɓin shi ne Dubai Frame da ke lambun Zabeel, gini mai siffar firam ɗin hoto, tsayinsa mita 150, an buɗe shi a 2018. Babba dirhami 50, yaro 20, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin Burj Khalifa ba. A samansa akwai daɓen gilashi da ake takawa ana hango ƙasa tsakanin ƙafafu. Ta gefe ɗaya tsohon gari ne, Dera da Bur Dubai inda ka yi sayayyarka, ta ɗaya gefen kuma sabon gari, da Burj Khalifa ɗin kansa a tsaye, abin da wanda ke cikinsa ba zai gani ba. Mai iyali biyar ya ɗauki wannan. Da magariba kuma a je gindin Burj Khalifa a kalli rawar ruwa, wadda ake yi duk bayan minti 30 daga ƙarfe 6, kyauta.

Abin da ya fi komai arha yana bayan otal ɗinka. Kwale-kwalen katako da suke kira abra yana ƙetare mashigin ruwan daga Dera zuwa Bur Dubai a kan dirhami 1 ko 2. Ana zama a kan benci a tsakiya, ba kujera ba ƙofa, ruwan gishiri yana fantsamo wa mutum a ƙafa, ana wuce manyan jiragen katako da ake loda wa firji da buhuna. A can ƙetare unguwar Al Fahidi take, mai lunguna da hasumiyoyin kama iska da magabata suke sanyaya ɗaki da su kafin zuwan lantarki. A metro dai a kula: namijin da ya shiga taragon mata tarar dirhami 100 ce, ci ko sha a cikin jirgi ma haka. Ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba, musamman mace, laifi ne a dokar ƙasar.

Wanda ke da yini guda cikakke da ƙafa mai lafiya, Hatta ce muke ba shi. Gari ne na masarautar Dubai a cikin duwatsun Hajar, nisan kilomita 130, kusan kamar Maraɗi zuwa Tasawa. Bas mai lamba H02 tana tashi daga tashar da ke kusa da Dubai Mall, dirhami 25, tafiyar kamar minti 90, kuma da katin Nol na metro ake biya. Tsakanin bas da bas awa 2 ne, don haka da isarka ka tambayi lokacin ta ƙarshe. Wanda ya ɗauki hayar mota ya bi hanyar Sharja zuwa Kalba. Tsohuwar hanyar da ta miƙe kai tsaye ta ratsa ƙasar Oman, kuma mai fasfo ɗin Nijar za a mayar da shi daga shinge, ya yi asarar mai da lokaci.

A Hatta abu biyu ake zuwa yi. Akwai madatsar ruwa, inda kore shar ɗin ruwa ke kwance tsakanin duwatsu masu launin ƙasa-ƙasa da babu ko ciyawa a kansu, ana ba da hayar ƙaramin kwale-kwale da rigar ruwa. Akwai kuma hanyoyin ƙafa da ke tashi daga wurin wasannin da ake kira Wadi Hub, ba a biyan ko dala. An yi musu alama da launi huɗu: kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, ja mai wuya, baƙi na gwanaye. Wanda bai taɓa hawan dutse ba ya tsaya a kore ko shuɗi. Mutanenmu suna da juriyar tafiya, amma tafiyar fili daban take da ta tsakuwa mai zamewa, kuma gangarowa ta fi hawa cin gwiwa. A nan aka fi targaɗe. Hawa zuwa babban rubutun HATTA da ke kan dutse ya isa gwaji na farko.

Shirin ba shi da yawa, amma kowane ɗaya da dalilinsa. Takalmi ya zama kambas mai ƙaya a tafi, domin silifas da takalmin fata mai santsi su ne ke kayar da mutum. Babbar riga tana kama duwatsu tana rufe wurin sa ƙafa, a sa wando da riga ƴar shara; Hajiya ta sa wando a ƙarƙashi, hijabin ya tsaya a gwiwa. Ruwa lita 3 ga kowane mutum a tafiyar awa 3 zuwa 4, da dabino ko gyaɗa mai gishiri. In rabin ruwan ya ƙare a juya, ko da ba a kai ba. A fara da sassafe, a sauko kafin azahar, don babu inuwa kuma dutsen yana mayar da zafi kamar tanda. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacinsa. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yana haura digiri 40, kada ma a gwada. Sabo da ranar Afrilu a Maraɗi ba ya hana jiri ya kwashe mutum a kan gangara. Ranar da aka ga hadari kuma a kauce wa kwari. Mun san yadda Gulbi ke cika ba tare da an yi ruwa a cikin gari ba. Na can ya fi sauri, saboda dutse ba ya shan ruwa. A cika waya da caji, a riƙe lamba 999 ta ƴan sanda da 998 ta motar asibiti, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai.

Jabal Jais, a masarautar Ras Al Khaima, ya fi Hatta tsayi nesa ba kusa ba, ƙolinsa mita 1,934, kuma sanyinsa ya fi na gari da kusan digiri 10. A can ne igiyar zamiya, wadda ake rataya mutum ya zame ta sararin sama, mai tsawon kilomita 2.83 take. Sai dai tafiyar awa 2 ce ko fiye a mota, sai da haya, ba gidan mai a kan dutsen, kuma tikitin igiyar tun kafin a tashi ake kama shi. Ya dace da abokai huɗu da za su raba kuɗin mota, ba mutum ɗaya ba.

Ga dattijon da gwiwa ba ta yarda da dutse, ko Hajiyar da ke son yini mai natsuwa, masallacin Sheikh Zayed na Abu Dabi ya fi. An buɗe shi a 2007, yana da ƙubbobi 82, yana ɗaukar masallata fiye da 40,000, kuma shiga kyauta ne, sai dai mai ziyara yana yin rajista ta waya tukuna. Bas E100 daga tashar Al Ghubaiba tana kai mutum Abu Dabi a kan dirhami 25, daga nan a ɗauki taksi. Tun 2022 hutun mako a can Asabar da Lahadi ne, ranakun da Hatta da masallacin suke cika. Kuma ko wanne aka zaɓa cikin wuraren nan uku na nesa, kada a sa shi a ranar tashin jirgi, domin cunkoson yamma a hanyar Sharja kaɗai yana iya cin awa guda.