Sola ko janareto a gidan ƙauye? Ni dai na yi amfani da duka biyun

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka kan ƙaramin janareto da sola, wanne za ka kai wa su Baba can ƙauye inda babu wutar lantarki, to sola za ka saya, kada ma ka tsaya dogon tunani. Ni ganau ne ba jiyau ba, domin janareto na fara kai wa mahaifiyata kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin a ganina shi ne ya fi sauƙin kuɗi, ka biya yau ka kunna yau. Abin da ban lissafa ba shi ne, ranar da ka sayi janareto ranar ka fara biya. Man fetur sai an hau babur an tafi nesa an ɗebo a jarka, ga baƙin mai, ga fulogi da yake cika da baƙi, kafireto ya toshe a nemo bakanike, shi ma bakaniken ba a garin yake ba. Ƙanena ne mai tayar da shi, wani dare yana ta jan igiyar nan har ta tsinke a hannunsa, ita kuwa Inna ko taɓa shi ba ta iya yi, in yaron ya yi tafiya shi kenan an koma cocila. Cikin wata guda bai fi a kunna shi kwana goma ba, shi ma awa biyu uku a kashe don tattalin mai. Kuma don Allah duk mai janareto ya ji wannan, hayaƙinsa yana da iskar carbon monoxide wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, kada a taɓa kunna shi a ɗaki ko a rufaffen wuri ko kusa da taga, ko da ana ruwan sama ne ko ana tsoron ɓarayi.

Adalcin da zan yi masa ɗaya ne, in aiki mai nauyi ne kamar walda ko injin da ke jan wuta sosai na ɗan lokaci, to ya fi ƙaramar sola. Iyakarsa ke nan a wurina.

Da na haɗa musu sola kuwa, daren farko ba zan manta ba. Muna zaune a tsakar gida fitila a kunne, babu ƙara babu hayaƙi, har kukan gyare kana ji, yara sun baje littattafai a tabarma. Can sai Inna ta ce a kashe haka nan kada man ya ƙare. Na ce mata Inna ai wannan babu mai, gobe in rana ta fito zai sake cika da kansa. Ta yi shiru tana kallon kwan fitilar nan, sannan ta sa mini albarkar da har yanzu nake jin daɗinta. Yanzu ita da kanta take kunna kayanta ta kashe, maƙwabta kuma da safe sai ka ga wayoyinsu jere a kan benci ana caji, alhali da sai an ba wani ya tafi da su wani gari.

Amma fa sola tana son lissafi, a nan mutane ke faɗuwa. Ka zauna ka rubuta abin da za a kunna da awa nawa. Ga irin namu: kwan LED 4 mai wat 7 na awa 5, wat 140 ke nan a lissafin awa. Fanka ta DC, wato mai aiki da wutar batir kai tsaye, mai wat 20 ta yi awa 8, 160. Ƙaramar talabijin mai wat 40 awa 4, ita ma 160. Cajin waya 5 ka ba su kamar 75. Duka ya kama 535 a rana. Fanel kuma, wato farantin da ke karɓar hasken rana, ba ya ba da cikakken ƙarfinsa tun safe har yamma, a wurare masu rana sosai ana lissafa masa awa 4 zuwa 6 ne kawai na cikakken aiki, sannan ka cire asarar da ake yi a waya da zafi da caji. Mai wat 200 zai riƙe wannan kayan a ranar da gari ya yi garau, amma ni 300 zan ce ka ɗauka saboda ranakun hadari da hazo, gara wuta ta yi saura da a kwana a duhu.

Batir shi ne zuciyar abin, kuma shi ne yake fara mutuwa. Fanel mai kyau kamfanoni na ba shi garanti na shekara 25 a kan zai ci gaba da ba da kusan kashi 80 na ƙarfinsa, batir kuwa ko kusa. Batir mai ruwa ko na jel, wato na dalma, ba a son a sha fiye da rabinsa, mai bolt 12 da 100Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa ne) a takarda wat 1200 ne a lissafin awa amma 600 ne naka, in kana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba zai daɗe ba. Na litiyom irin LiFePO4 kana iya shan kashi 80 ko fiye kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, ba a zuba masa ruwa, ba shi da nauyi. Ya fi tsada a farko, amma in da hali shi za ka saya, musamman da yake tsofaffi ne a gidan, babu mai tuna duba ruwan batir. Batirin mota kam kada ka yarda, an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu a tayar da inji, in ka sa shi raba dare yana riƙe fanka wata kaɗan zai yi.

In kayan duka na DC ne, fitila da fanka da caja, ba ka ma buƙatar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta soket ɗin gida, kuma ita inbata ko ba a kunna komai ba tana shan nata kason. Kontrola dai dole ce, ita ke hana batir cika fiye da ƙima, iri biyu ce, mai suna MPPT ta fi mai suna PWM tatso wuta daga fanel amma ga ƙaramin haɗi PWM ta gaskiya ma tana yi.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu sayarwa, wallahi akwai marasa tsoron Allah a harkar nan. Batirina na farko wani ya sayar mini a matsayin sabo dal, kwali mai kyau, leda a jiki, wata uku bai cika ba ya daina kai tsakar dare. Da mai gyara ya duba sai ga tsohon tambari a ƙarƙashin sabon da aka liƙa, ashe tsohon batir ne aka wanke aka sake masa fenti. Na koma ya ce ai ni na lalata shi, kuma ban karɓi rasit ba, haka na haƙura. Araha ce ta ja ni, kuma araha ba ta ado.

Fanel ma haka suke yi, su manna takardar wat 400 a bayan mai 200. Hanya mai sauƙi ta gane wannan ita ce girma, fanel na zamani yana ba da wat 200 ko ɗan sama da haka a kowace murabba'in mita ɗaya, to in ka ga ɗan ƙarami an rubuta masa babban lamba ka san ƙarya ce, ka je da tef ɗin awo kawai. Ka tafi da wanda ya san aikin ya fito da shi rana ya gwada da mita a gabanka. Kontrola kuma da yawa an rubuta MPPT a jiki amma cikinta PWM ce, ta gaskiya tana da ɗan nauyi saboda naɗin wayar da ke ciki, in ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar fanko ka ajiye musu kayansu. Sai siririyar waya da masu haɗawa ke sawa don su ci riba, tana zafi tana cinye wuta, har gobara tana iya jawowa, ka ce a sa mai kauri kuma a sa fiyus kusa da batir. Rasit da garanti a rubuce, da ranar da ka saya, kada ka bar wurin babu su.

Wajen ɗorawa a nemi inda inuwa ba ta faɗawa ko kaɗan, reshen bishiya ɗaya ya rufe gefen fanel sai ƙarfinsa ya zube sosai. In kuna arewa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, fanel ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi don ruwa ya riƙa wanke shi, a bar sarari a ƙasansa iska na wucewa domin zafi da yawa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙura kuma ita ce babbar abokiyar gabarsa, ka samu yaro ɗaya a gidan ka ɗora masa alhakin gogewa da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Sannan ka ja kunnen mutanen gida tun ranar farko, dutsen guga da hita na dafa ruwa ba na ƙaramar sola ba ne, kowannensu yana jan wat 1000 ko fiye, mu sai da na cire soket ɗin ɗakin samari gaba ɗaya kafin aka samu lafiya. In kuɗin bai kai ba ka fara da fanel ɗaya da batir mai kyau da fitilu, fanka da talabijin su biyo baya, amma ka sayi kontrola mai ɗan girma tun yanzu don in za ka ƙara fanel ba sai ka sake ta ba. Allah Ya sa albarka, ka gaida su Baba.