Kafin ka biya kuɗin raifil: girman rukunin harsasai nawa ya ishe ka?

Duk wanda ya shiga shagon bindigogin farauta a Amurka zai ji mai shago yana nanata kalma ɗaya: MOA. Ma'auni ne na kusurwa, kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A nisan yadi 100 yana daidai da inci 1.047, a mita 100 kuma kimanin santimita 2.9. In an ce bindiga tana harba MOA ɗaya, ana nufin ramukan harsasanta a jikin takardar da ake harbi sun taru cikin faɗin inci ɗaya daga yadi 100; wannan tarin ramuka shi ne rukuni. Wannan magana ta shafi raifil mai cin harsashin da ake dukan tsakiyar gindinsa, irin su .30-06 na 1906, .308 Winchester na 1952, da 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007.

Tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: harbi nawa? Kamfanonin ƙera bindigogi Tikka na Finlan da Weatherby suna ba da tabbacin MOA ɗaya a harbi uku da harsashi mai inganci, kamfanin Sako kuwa a harbi biyar. Bambancin ba ƙarami ba ne. Bindiga guda, harsashi iri guda, rukunin harbi biyar yakan fi na uku faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na goma kuma ya fi na ukun da fiye da rabi. Wato bindigar da ta yi inci ɗaya a harbi uku, kada ka yi mamaki in ta yi inci ɗaya da rabi a harbi goma. Ba lalacewa ta yi ba, halinta na gaskiya ne ya fito.

Na taɓa faɗa wa wannan tarko. Wani mai shago ya zaro mini takarda daga aljihun tebur, ramuka uku sun haɗe kamar murhu, har ana iya rufe su da kwabo. Na biya ina murna. Da na je filin gwaji na harba rukuni biyar, kowane harsashi biyar, sai na ga matsakaicinsu ya haura inci ɗaya da rabi. Raina ya ɓaci ranar. Daga baya na gane takardar da mai shagon ya nuna mini ita ce mafi kyau cikin tarin da aka harba, sauran an zubar.

Yadda ake aunawa: ka ɗauki ramuka biyu da suka fi nisa da juna, ka auna daga gefen waje zuwa gefen waje, ka cire kaurin harsashin. Na .308 milimita 7.82 ne. Ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka bar bututun ya huce tsakanin rukuni da rukuni, ka gwada harsashi aƙalla iri uku, domin kowace bindiga da abincin da take so.

To, wacce za ka saya? Masu araha marasa nauyi, irin Ruger American da Savage Axis, bututunsu siriri ne, yana saurin ɗaukar zafi, kuma idan ya yi zafi harsasai kan fara warwatsuwa. Ga mafarauci wannan ba babban aibi ba ne. Dabba ba ta tsayawa jiran harbi na biyar. Wurin zuciya da huhun barewar Amurka ya kai faɗin inci takwas, bindigar da ke yin MOA ɗaya da rabi kuwa tana tara harsasanta cikin ƙasa da inci biyar a yadi 300. Abin da ya fi damuna shi ne harbin farko daga bututu mai sanyi, da asuba, ya faɗa inda aka saita kullum. Masu matsakaicin farashi kamar Tikka T3x da Weatherby Vanguard, a ganina, abin da ƙarin kuɗinka ke saya shi ne kunama mai laushi da sakata (ƙarfen da ake ja a tura harsashi) mai santsi, kuma waɗannan suna taimakon hannunka fiye da rubutun tabbaci.

Mai gasar harbin nesa lissafinsa daban. Yana buƙatar bututu mai kauri da ke riƙe ƙasa da MOA ɗaya a harbi goma, ya yarda da nauyin. Amma kada ka ɗauki irin wannan ka shiga daji da ita, kafaɗarka za ta gaya maka kafin azahar.

Mai zuwa farautar ɓauna da lasisi a Afirka ta Kudu ko arewacin Kamaru, da raifil mai cin harsashin .375 H&H na 1912, MOA biyu ya wadatar da shi, tunda yawanci ƙasa da yadi 100 ake harbi. Shi dai ya tabbata sakatar tana tura harsashi na biyu ba tare da cijewa ba.

Idan kuɗinka a ƙirge yake, ka sayi mai matsakaicin farashi, ragowar ka zuba a madubin saiti mai kyau da maɗaurinsa, da kwalayen harsasan atisaye. Sau da yawa rukunin da ya warwatse, in aka bincika, sukurun maɗaurin madubi ne ya kwance.