Kafin ka sayi kayan tausar ƙafa, ga abin da ya cancanci kuɗinka

Malamin makarantar da ya wuni a tsaye gaban allo da ɗan kasuwar da ya sha kai-komo tsakanin kasuwannin Wunti da Muda Lawal a Bauchi duk sun san irin zugin da tafin ƙafa yake yi da zarar an idar da sallar isha'i. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma su ne suke ɗauke da nauyin jiki tun daga asuba, don haka ba abin mamaki ba ne kayan tausa su yawaita a shagunan Bauchi da shafukan Facebook.

Zaɓina shi ne katakon tausa, wato sandunan nan masu tsaga-tsaga da aka jera a kan ƙaramin firam suna juyawa, a haɗa shi da man kaɗe. Ba ya buƙatar wuta ko batir, kuma kai ne kake iko da ƙarfin dannawa. Mutum ya zauna a kujera, ya ɗora tafin ƙafarsa, ya riƙa mirginawa a hankali daga dunduniya zuwa gindin yatsu na kamar minti 5, yana ɗan tsayawa a tsakiyar tafin inda jijiyar da ta haɗa dunduniya da yatsu take ɗaurewa. Wannan jijiya ce take sa wasu jin ciwon dunduniya a takun farko da safe. Bayan haka sai a lakato man kaɗe a murza da babban yatsa, musamman da hunturu lokacin da kaushi da faso suke damun mutane. Wajen saye, ka shafa hannu a jikin katakon don gudun sartse, ka juya kowace sanda ka tabbatar ba ta cijewa, kuma ka zaɓi mai nauyi wanda ba zai riƙa zamewa a kan tayil ba. Man kaɗe na ƙwarai kuwa yana narkewa da ɗumin tafin hannu kaɗai. Wanda bai samu katakon ba, kwalbar ruwan sanyi tana yin kusan aikinsa.

Silifa mai ƙusoshin roba zafi kawai take ƙara wa ƙafar da ta riga ta gaji. Bahon lantarki mai kumfa ma bai fi roba da ruwan ɗumi da ɗan gishiri da komai ba.

Injin tausa na lantarki yana da daɗi, amma shi ne ya taɓa cinye mini kuɗi, domin wani mai kayan gwanjo ya sayar mini da shi ba tare da ya faɗa cewa na Amurka ba ne. Wutar can tana tsakanin bolt 110 da 120, tamu kuwa 230 ce, ina jona shi sai warin ƙonewa ya tashi. Idan lallai injin kake so, ka kifa shi ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinsa, ka sa a gwada shi a gabanka, kuma a rubuta maka rasit da sharaɗin mayarwa.

Inda yaudara ta fi yawa shi ne kayan da ake cewa suna zuƙe dafin jiki ta tafin ƙafa. Akwai bahon da ake zuba wa gishiri a saka wani ƙarfe a ciki, ruwan ya rine ya koma ja-ja, sai mai talla ya ce: “Alhaji, ka ga dattin da ya fito daga jikinka.” Gaskiyar ita ce tsatsar ƙarfen ce take fita idan wutar lantarki ta ratsa ruwan gishiri, ba dattin jiki ba, domin hanta da ƙoda su ne suke tace jini. Haka filastar da ake mannawa a kwana da ita a wayi gari ta yi baƙi, danshin gumi ne yake sauya mata launi. Wasu kuma suna yawo da taswirar tafin ƙafa, suna cewa danna wuri kaza yana warkar da ƙoda ko hawan jini. Wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Ingham ce ta yaɗa wannan tsari a shekarun 1930, kuma babu ingantacciyar hujjar cewa yana warkar da cutar wata gaɓa ta ciki. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake sa dattawa masu ciwon suga su ajiye maganin asibiti saboda irin wannan talla, alhali su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin ƙafarsu takan daina jin zafi har ruwa ko inji ya ƙona su ba su sani ba. Mai ciwon suga, da wanda sharaɓarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, wanda yana iya zama gudan jini ne a jijiya, su fara ganin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko a mafi kusa da su, kafin su yarda a taɓa musu ƙafa.

Duk mai tallan da ya kawo maka bahon zuƙe dafin nan, ka ce masa ya kunna shi ba tare da an tsoma ƙafa ba, ku zauna tare ku kalli ruwan. Filastar kuma ka ɗiga mata ruwan famfo a gabansa.