Duwatsun Mandara ko Marwa?

Ƙanena ya tambaye ni ko ya zauna a ƙauye kan duwatsun Mandara ko ya sauko birnin Marwa, a arewacin Kamaru. A dutse akwai sanyin dare, ga gonar dawa da aka jera wa duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Amma rani na tsananta rijiya ta ƙafe. Mata kan fita da jarka tun asuba, sai rana tsaka su dawo. Abin da ya fi ci mini rai, mai naƙuda sai an goya ta a babur zuwa asibiti a garin Mokolo, kan hanyar da damina ta cinye.

Marwa kuwa zafi ne da kuɗin haya, amma asibiti na kusa.

Na ce masa: ka yi noma a gida, ka ci rani a Marwa.