Nutson Basarke da nutson mai tulun iska ba ɗaya ba ne

Kawu na ga tambayar da ka aje jiya da dare, wai yaronka ya nuna maka bidiyon wasu Turawa sun goya tulun iska sun sulale mita 50 cikin teku sun dawo cikin 'yan mintuna ba tsayawa a hanya, shi ne kake cewa ai wanga shi ne nutson Sarkawanmu na Yauri, sai dai su an sauƙaƙa musu tunda ga iska a baya. Wallahi Kawu ba ɗaya ba ne, abin da ke fid da Basarke lafiya shi ke kashe mai tulu.

Basarke, ko Bakaben da ke shiga Matan Fada da homa, iskar sama yake ja sau ɗaya ya nutsa. Ruwa ya matse huhun, in ya taso huhun ya koma yadda yake, ba ƙari. Don haka ya riƙe numfashi ya harbo sama da gudu ba komai. Nashi hatsarin daban ne, ya suma dab da fitowa ko taru ya naɗe mai ƙafa.

Mai tulu kuwa a can ƙasa yake shaƙa, kuma kowace mita 10 ruwa na ƙara matsi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya, a mita 40 ya zama ninki 5. To in ya cika huhu da wagga matsattsiyar iska ya riƙe ya taso irin na Basarke, iskar buɗewa take yi kamar balan-balan har huhu ya yage, kuma ko daga zurfin tsayin mutum biyu hakan na faruwa. Shi ya sa darasin farko da anka koya mana lokacin ina karatu a Masar shi ne kar ka kuskura ka riƙe numfashi.

Sai maganar naitirojin, kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Ƙarƙashin matsi narkewa yake cikin jini da tsoka, in ka taso da sauri ya yi kumfa kamar ka girgiza lemun kwalba ka ɓalle marfin, daga ciwon gaɓoɓi har shanyewar jiki. Tun 1908 wani likita Haldane ya fitar da jadawalin tasowa a hankali, ana tsayawa a hanya don naitirojin ya fita, saboda wanga ciwo. A jadawalin PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso da tulu, in kana son tasowa ba tare da tsayawar dole a hanya ba, mita 18 kana da minti 56, mita 30 minti 20, mita 40 minti 9 kacal kuma tun daga barin saman ruwa ake ƙirgawa, ba daga isa ƙasa ba. Waɗancan na bidiyo cacar da suke yi ke nan, a taɓo a dawo kafin jiki ya jiƙu da shi. A takarda lissafin na fita, amma a ruwa fa?

Tulu mai lita 12 iskar da ke ciki wajen lita 2,400 ce, mutum na shan kamar 20 a minti a sama, a mita 40 ya koma 100, in tsoro ya shigo ya ninka. Ga maye, wanda naitirojin ke sa mutum a zurfi. Ni a mita 30 malaminmu ya miƙo min allo in rubuta sunana daga baya zuwa gaba, na tsaya ina kallon allon ina dariya cikin abin shaƙa, alhali a jirgi nan take na rubuta shi. Mutumin da ke haka ne za ka ce ya lura da agogo? Minti 3 ya ƙara ba da sani ba tsayawa a hanya ta zame mai dole, kuma wataƙila ba shi da iskar tsayawar. In ya wuce wajen mita 56 oksijin ɗin kanshi na iya sa shi farfaɗiya. Akwai wani rami a Dahab bakin Bahar Maliya, ƙofar da ake bi a fita teku tana wajen mita 55, ya ci masu tulu ɗaya da yawa da sunka ce leƙawa kawai za su yi.

Masu zuwa wannan zurfi da gaske tulu biyu suke goyawa, a gauraya iskar da hiliyam don rage mayen, ga wani tulun a gefe na tsayawa, an rubuta komai tun a jirgi.

In yaron na so ya nemi malami mai shaida ya fara da na mita 18, ya taso a hankali, ya tsaya minti 3 a mita 5. Kar ka bari ya sayo tsohon tulu ya gwada a kogin Kwara don Allah, maganin ciwon kumfan ɗakin matsi ne na musamman, ba a kemis ake samunshi ba.