Wata Huɗu da Manhajar Lissafi a Shagon Kawuna

Kawuna ya haura shekara talatin yana sayar da atamfa da shadda da leshi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar Kaduna, kuma duk tsawon wannan lokaci lissafinsa a cikin wani babban littafi mai kaurin bango yake. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi da aka sha fama da shi a farkon shekarar 2023, cinikin shagon ya rabu gida biyu, wani ya biya hannu da hannu, wani ya turo ta banki, har ta kai idan an zo rufe shago da yamma sai an daɗe ana haɗa abin da ke cikin aljihun tebur da abin da ya shigo ta waya. Wannan ne dalilin da ya sa na sauke masa wata manhajar rubuta ciniki da bashi, irin waɗanda aka yi domin ƙananan 'yan kasuwa. Yanzu wata huɗu ke nan ana aiki da ita a shagon, kuma ina ganin lokacin ya isa a faɗi abin da ta iya da abin da ta kasa.

Ni malamin kwamfuta ne, saboda haka tun farko na ƙudurta cewa ba da hannuna zan auna ta ba, domin wanda ya saba da manhajoji yakan tsallake rami ba tare da ya san ya tsallake ba. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, a ƙa'idarta mai lamba 9241-11 da ta fito a 1998, ta bayyana sauƙin amfani da abubuwa uku: mutum ya cim ma abin da ya nufa, ya cim ma shi ba tare da ɓata lokaci da ƙarfi ba, sannan ya tashi ransa a sake. Abin da ya fi jan hankalina a wannan bayani shi ne sharaɗin da aka ɗora masa, wato ana maganar wasu mutane ne takamaimai a cikin wani yanayi takamaimai. Mutumin da nake magana a kansa ya wuce shekara sittin, yana sa tabarau, yana karanta Hausa da boko da ajami amma Turancinsa kaɗan ne, kuma yawanci hannu ɗaya ne yake riƙe da waya alhali ɗayan yana warware turmin atamfa a gaban mai saye. A wannan ma'auni na ɗora ta.

Ranar farko ta burge ni ƙwarai. Rajista ba ta nemi adireshin imel ba, lambar waya kawai ta nema, ta turo wasu lambobi ta saƙon tes, aka shigar, shi ke nan. Da aka buɗe ta, manyan maɓallai uku ne suka cika allon: ciniki, bashi, da kuɗin da aka kashe. Girman maɓallan nan ba ƙaramin abu ba ne. Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa ya dogara ne da nisan abin da kuma faɗinsa, shi ya sa kamfanin Apple ya ba masu ƙera manhaja shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 44 a tsawo da faɗi bisa ma'aunin allon waya, Google kuma ya ce 48. A lokacin hunturu muka fara, yatsu sun bushe sun yi kaushi, amma Kawu bai taɓa kuskuren danna wani maɓalli maimakon wani a wannan allo na farko ba. Na ce masa, "Kawu, ku gwada shigar da cinikin nan da kanku, ni ba zan ce komai ba." Ya duba, ya danna, ya rubuta kuɗin, ya ɗago kai ya ce, "To ɗana, ai ta shiga."

Abu na biyu da zan yaba shi ne yadda take aiki ko babu sabis. Duk wanda ya san cikin kasuwar nan ya san akwai layukan da intanet ke zuwa yana ɗaukewa, amma manhajar tana ajiye abin da aka rubuta a cikin wayar nan take, sai sabis ya dawo ta aika. Tana kuma nuna wata 'yar alama a gefen kowane ciniki, launinta ya canza idan ya tafi, ta yadda mutum ba ya zama cikin zullumi. Jakob Nielsen, wanda ya tsara ƙa'idoji goma na sauƙin amfani a 1994, da wannan ya fara: na'ura ta riƙa sanar da mai amfani halin da ake ciki. Shi ne kuma ya yayata iyakokin lokaci uku, cewa amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin ta kamar nan take, daƙiƙa ɗaya ba ta katse masa tunani, amma idan aka wuce daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri. A shago, hankalin da ya tafi ya koma kan mai saye ne, kuma cinikin da ba a rubuta a lokacinsa ba da wuya a tuna shi daidai da yamma.

Masu manhajar sun kuma fahimci cewa farashi a kasuwarmu ba a kafe yake ba. Ana tayawa, a ce albarka, a ƙara, kafin a sallama, don haka ta bar wurin kuɗi a buɗe a kowane ciniki. Sai dai a nan fahimtarsu ta tsaya, domin wurin rubuta yawan kaya ba ya karɓar rabi. Mai sayen yadi uku da rabi na shadda, ko matan da suka raba turmi biyu tsakaninsu, babu yadda za a shigar da su sai an yi dabara, kuma dabarar tana ɓata ƙidayar kayan da suka rage a shago.

Babbar matsalar da ta sa na zauna rubuta wannan sharhi ta faru ne a wata na biyu. Akwai wani tela da ya daɗe yana ɗaukar kaya bashi a wurin Kawu, yana biya kaɗan-kaɗan idan masu ɗinki sun sallame shi. Ranar nan ya kawo wani abu daga cikin kuɗin, Kawu ya buɗe shafinsa domin ya rage. A wannan shafi maɓallin gyara da maɓallin sharewa suna manne da juna, ƙanana ne, hotuna ne kawai babu rubutu, kuma launinsu ɗaya. Yatsa ya sauka kan na sharewa. Wani akwati ya fito da tambaya cikin Turanci, irin akwatin da ke fitowa duk lokacin da aka ajiye ciniki, Kawu kuwa ya saba danna amsar da ke hannun dama sau da yawa a rana, sai ya danna. Bashin watanni ya ɓace gaba ɗaya, babu hanyar maido da shi, babu wani kwandon da abin da aka share ke zama na 'yan kwanaki.

Ya kira ni muryarsa a raunane, kuma ba kuɗin ne suka fi damun sa ba. Abin da ya ce shi ne yana tsoron ya faɗi adadin da ya zarce gaskiya ya ci haƙƙin mutum, ya kuma tuna mini cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Allah ya taimaka telan mutum ne mai amana, yana da nasa rubutun, aka zauna aka daidaita. Amma na ga yadda dattijo ya ɗora laifin a kansa yana cewa tsufa ne, alhali laifin na tsarin ne. Maɓallin da ke halakar da aiki bai kamata ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda ake dannawa kullum ba. Tambayar gargaɗi da ke fitowa a kan komai takan zama kamar kukan kurciya a tsakar gida, kunne ya saba ya daina ji. Abin da ya fi gargaɗi amfani shi ne a ba mutum damar janye abin da ya yi, kuma duka biyun, hana kuskure tun kafin ya auku da buɗe ƙofar komawa baya, suna cikin ƙa'idojin nan goma da suka shekara talatin a hannun masu wannan sana'a.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya taɓa ni a matsayina na Bahaushe. Manhajar tana da zaɓin Hausa, amma fassarar ba ta kai ko'ina ba, kuma inda ta kai ma ba maganar kasuwa ba ce. A wurin da ya kamata a rubuta "ragowar bashi" sun sa "daidaito", wanda babu ɗan kasuwar da zai gane me ake nufi. Wurin neman suna kuma bai san dangantakar haruffa masu lanƙwasa da marasa lanƙwasa ba. Idan na shigar da suna irin Ɗanladi ko Ƙasimu da daidaitacciyar ƙa'ida, yaron shago ya zo ya neme shi da harafi marar lanƙwasa kamar yadda allon rubutun wayarsa ya ba shi, sai ta ce babu mai wannan suna. Sakamakon haka mutum ɗaya ya zama yana da shafi biyu, bashinsa ya rabu.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Ranakun ciniki an rubuta su da launin toka mai haske a kan fari, ba sa karantuwa idan rana ta haska bakin shago, alhali ƙa'idar sauƙaƙa shafukan intanet ga masu raunin gani ta nemi bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Idan aikawa ta gaza kuwa, wata lamba ce kawai take fitowa, ba ta faɗin abin da ya faru balle abin da za a yi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne arahar maganin. A 2000 Nielsen ya yi bayanin cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja. Wata Asabar na roƙi maƙwabtan shago biyar, na ba kowannensu wayar na ce ya rage bashin wani sunan da na ƙirƙira, na koma gefe na yi shiru. Kusan kowa sai da ya tsaya yana kallon ƙananan hotunan nan biyu yana tambayar wanne ne wanne, kuma duk abin bai ci sa'a ɗaya ba. Da masu manhajar sun yi yini guda a wannan kasuwa, ko Kasuwar Barci, ko ta Kawo, suna kallon hannun 'yan kasuwa, da sun ga duk abin da na lissafa.

Ga mai shagon da ke sayar da kaya ɗai-ɗai kuma yake son sanin cinikinsa na yini, ina ba shi shawarar ya gwada irin wannan manhaja, domin a wannan fanni ta rage mana wahala sosai, kuma haɗa lissafin yamma da a da yake cin kusan sa'a guda, yanzu kafin a kira sallar magariba an gama. Ga mai ba da bashi da yawa kuwa, kada ya saki littafinsa tukuna. Na rubuta wa masu ita ƙorafi uku, a kan raba maɓallan nan biyu, da maido da abin da aka share, da karɓar rabin yadi, kuma ina jiran in ga sabon zubin da za su fitar. Kafin nan, Kawu yana shigar da ciniki a waya, amma duk wanda ya ɗauki kaya bashi sai ya jawo babban littafin daga ƙarƙashin tebur ya rubuta sunansa da biro tukuna, sannan ya miƙa wa yaron shago wayar ya kwafa.